Ruwa-Biyun Sama'ila Gadina

Duk wanda ya bar Paki ya tafi Kaduna neman abinci, ranar da ya dawo sai an ga wani abu a hannunsa. Wani babur, wani bandir ɗin kwano, wani kuwa ko bai zo da komai ba ya zo da tumbi da sabuwar tafiya. Sama'ila shi da ya tashi dawowa, bayan ya daɗe har furfura ta fara leƙowa a gemunsa, abin da ya sauko da shi daga mota tsohon bokitin fenti ne cike da ƙasa, da wani ɗan tsiro a tsakiya mai ganye kamar na dawa. Buhun kayansa kwandasta ya wurgo daga saman mota, bai ko waiwaya ba. Bokitin kuwa a cinya ya rungume shi tun daga tashar Kawo, har wata tsohuwa da ke gefensa ta tambaye shi ko maganin basir ne, a sam mata.

Sama'ila ɗan Paki ne gaba da baya. Mahaifinsa ya rasu tun bai yi wayo ba, ƙanin mahaifin nasa, Baffa Yahya, shi ya ɗauke shi. Shi ya kai shi makarantar allo, shi ya koya masa riƙon fartanya, shi ya tsaya har aka ɗaura masa aure da Murja. Sai dai tun yana ƙarami an gane idon yaron nan ba ya kan abin da ake ci. A tura shi cirar ciyawa a gonar rake, sai a same shi tsugune gaban wata ciyawa mai jan fure, ya zagaye ta da tsakuwa don kada a taka. Baffa ya sha cewa da ana sayen ciyawa da yaron nan ya fi kowa arziki a gidan. Ashe ana saye, Baffa ne bai je Kaduna ba. Can Sama'ila ya samu aiki a wani otel, aikin gadina, wato ya yi wa ciyawa aski, ya ba fulawa ruwa, ya gyara wa bishiyoyi fuska. Sunan ya biyo shi har gida. Yanzu ka ce wa ɗan acaɓa ya kai ka gidan Sama'ila sai ya ce wanne, amma ka ce Gadina, hau kawai.

Ya iya aikin, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ya yi shuka a otel, ya yi a gidajen alhazai ranakun hutu, ya yi a wata makarantar kuɗi. Abu guda ne ya tsaya masa a rai. Duk bishiyar da ya rena tun tana cikin leda, ranar da ta yi kyau ta isa kallo, ranar ake ce masa, "Gadina, ɗan matsa, za a ɗauki hoto." Ya matsa, ya matsa, har ya gaji. Da otel ɗin ya canja hannu, sabon mai shi ya ce shi siminti yake so ko'ina, ba ya son ganye na zubo masa a kan mota, sai Sama'ila ya haɗa kayansa. Ya ƙudura a ransa kafin ya koma ga Allah sai ya tsayar da bishiya guda a ƙofar gidansa, tasa ta kansa, wadda babu mai ce masa ya matsa daga gabanta. Ita ce cikin bokitin.

Mailafiya ne ya fara tarbarsa. Mailafiya taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, mai facin taya a bakin titi daidai ƙofar gidan Sama'ila, kuma tun suna yara bai taɓa ganin Sama'ila ya bar shi ya wuce lafiya ba.

"Sannu da zuwa, bawana. Me ka kawo wa ubangidanka? Muruci?"

"Muruci yana gidanku. Wannan ruwa biyu ce."

"Ruwa me?"

Sama'ila ya ajiye bokitin a inuwa tukuna, sannan ya gyara tsayuwa, don shi bayani ba ya yi masa wuya. Ya ce a ƙofar otel ɗin akwai wata ƙatuwar bishiya dangin dabino da aka kawo daga ƙasar waje, jikinta kamar ganga, kanta kamar buɗaɗɗiyar lema, tilo take tsayawa, ba ta fitar da 'ya'ya a gindi. Mace ce. Kowa ya san dabino akwai namiji akwai mace, to ita wannan a duk unguwar babu namiji irinta. Amma duk shekara sai ta zubo da ƙwallo cikakke. Ya yi ta tunani, har wata rana ya leƙa bayan katanga, ya ga kajinjiri a bakin rafi, irin dai wanda ke fadamar Furana, mai siraran jiki da ke fitowa cunkus wuri ɗaya. Namiji ne, ya yi fure fari tas, ƙudan zuma na ta kai da kawo tsakaninsa da ta ƙofar otel.

"To ka ji uban," in ji Sama'ila.

Mailafiya ya saki tayar da ke hannunsa. "Tsaya, tsaya. 'Yar ƙasar waje, da ɗan bakin rafi, kuma ta bayan katanga? Waye waliyyi? Su wa suka shaida? Kai Gadina, abin kunya ka ɗauko mana a bokiti ka kawo gari!"

Ranar har masu jiran faci sai da suka riƙe ciki. Sama'ila bai yi dariya ba, bai kuma ji haushi ba. Ya ɗauki bokitinsa ya shige zaure kamar wanda ya kawo zinariya.

Bai dasa ta nan da nan ba. Ya bar ta a inuwar zaure har damina ta zauna, sannan ya haƙa rami a ƙofar gida, mai faɗi ba mai zurfi ba, ya cakuɗa ƙasar da yashin rafi da takin awaki wanda ya riga ya ruɓe ya huce. Ya ce ɗanyen taki wuta ne. Ya zaunar da ita daidai wuyanta, bai nutsar da ita ƙasa fiye da yadda take a bokiti ba. A gefenta ya binne wani tsohon tulun Murja mai yoyo, bakinsa kaɗai a waje, don in ya cika shi ruwan ya riƙa tsatsa a hankali zuwa saiwa. Mailafiya ya kawo gudummawar tsofaffin tayoyi a kewaye ta saboda awaki, Sama'ila ya ce ya kwashe kayansa, taya zafi take sha da rana, dafa masa ita za ta yi. Ƙayar magarya ya saro ya yi shinge.

Bazarar farko ita ce jarrabawa. Wanda ya san zafin ƙasar Ikara kafin saukar ruwa ya san ko ƙadangare ba ya taka ƙasa da tsakar rana sai da gudu. Sama'ila ya kafa zana ta yamma inda ranar la'asar ke dukanta, ya bar gabas a buɗe ta sha hantsi. Ban-ruwa sai rana ta yi sanyi, kuma a gindi. Ba ya yarda ko ɗigo ya shiga tsakiyar kanta, wai nan ne zuciyarta, in ruwa ya kwanta cikin zafi ruɓewa take. Ya je wurin masu mazarƙwaila ya ɗebo ɓawon raken da aka matse ya shimfiɗa don ƙasa ta riƙe laima, amma ya ja shi nesa da jikinta, ya zuba toka tsakani saboda gara. In ganyen ƙasa ya yi rawaya ba ya taɓa shi sai ya bushe ƙayau, wai tana janye abincinta ne daga ciki. Murja ta ce ita dai a duniya ba ta taɓa ganin mutumin da zai fito da safe ya duba ko bishiya ta kwana lafiya kafin ya tambayi mutanen gidansa ba. Ya ce mutanen gidansa suna da baki.

Shekaru suka tura. Tsiron da aka yi wa dariya ya zama abin da direba ke rage gudu ya kalla. Jikinta ya kawo ƙirjin mutum, ganyayenta suka buɗe suka sunkuyo ta ko'ina kamar ana zuba ruwa daga sama. 'Yan matan amare suka gano wurin, duk bikin da aka yi a layinmu sai an zo hoto. Sama'ila ba ya hanawa, sharaɗinsa guda ne, da shi za a ɗauka. Akwai amaren da yanzu haka hoton bikinsu na cikin waya, ga amarya, ga ƙawaye, ga wani dattijo a gefe riƙe da bokiti wanda dangin ango har yau ba su san ko waye ba.

Gardamar ko mece ce ita kuwa ba ta taɓa mutuwa a rumfar faci ba. Masu wucewa zuwa kasuwar Makarfi wasu su ce dabino, wasu su ce kwakwa. Mailafiya ya dage kajinjiri ne kawai da ya samu gata. Sama'ila sai ya jawo ganye guda ya riƙe kamar malami da allo.

"Ku buɗe idonku. Ganyen dabino toka-toka ne, kuma a miƙe yake ƙyam. Wannan fa? Kore shar, yana sheƙi, ya ranƙwafo. Na uba kenan. To kajinjiri jikinsa ya wuce cinyar mutum? Ku zo ku rungumi wannan, in hannunku ya haɗu. Na uwa kenan. Kowa ya ba ta nasa."

"Na ji," in ji Mailafiya. "To in 'yar kajinjiri ce, ina 'ya'yan gindi? Kajinjiri ai kamar ayaba yake, ba ya zama shi kaɗai."

"Suna tafe."

"Yaushe?"

"Ba ta gaya mini ba."

Gaskiyar magana, nan ne kaɗai wurin da Sama'ila bai sani ba. Ruwa biyu ba ta da alƙawari, wata ta biyo uwa ta tsaya tilo, wata ta biyo uba ta tara 'ya'ya. Kullum safiya yakan saci kallon gindin, babu komai. Amma ba za ka taɓa gani a fuskarsa ba.

Baffa Yahya ba ya cikin gardamar suna, shi damuwarsa daban. Baffa ya tsufa amma hannunsa bai tsufa ba, kuma a Paki in ana maganar datsar itace shi ake kira. Duk zogalen da Baffa ya datse wa kai sai ya yi rassa kamar an roƙe shi. Dalbejiyar masallaci shi ya datse ta har ta yi inuwar da ake sahu a ƙarƙashinta. Rake ma, in ji shi, sara ke sa shi tohowa. Ya kuma yi imani goruba ba ta yi rassa ba sai don dabba ta cinye mata kai tun tana ƙarama. Sai ya zo ya dogara sanda gaban bishiyar Sama'ila yana kallonta da tausayi.

"Sama'ila, abar nan taka kai ɗaya gare ta. A datse mata shi ta yi rassa, ku samu inuwar kirki."

Sama'ila ya san irin wannan bishiya kanta guda ne, ranta guda, in an datse an gama. Amma a gidansu ba a ce wa Baffa a'a. Mutumin da ya riƙe ka tun ba ka san kanka ba, ba ka tsayawa a ƙofar gida gaban jama'a kana koya masa itace. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "A bari ta ƙara girma, Baffa." Bana haka, baɗi haka. Shi a ganinsa ya kauce. Baffa kuwa a nasa ganin an yi magana an gama, lokaci kawai ake jira.

A ƙarshen wata bazara, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, aka yi wa Murja rasuwa a Taba ta ƙasar Kudan, yayan mahaifiyarta. Suka tafi tare, suka zauna har sadakar uku. Sama'ila ya bar wa Mailafiya amanar cika tulu. Ya cika, ba a ce bai cika ba, amma ranar kasuwar Makarfi ya rufe rumfa ya tafi sayen kayan faci. A ranar ne Baffa ya dubi sama ya ga lokacin datsa ya yi, ya dubi bishiya ya ga ta girma, ya ce bari ya hutar da yaron nan, ya dawo daga gidan makoki ya tarar da abin farin ciki. Ya wasa gatarinsa. Tun hantsi yake fama da ita har aka kira azahar.

Washegari da la'asar Sama'ila da Murja suka sauka daga mota. Tun daga nesa Sama'ila ya ga ƙofar gidansa ta yi wani irin haske da bai saba gani ba. Kututture ne tsaye, ba kai. Ganyayen an ɗaure su dami-dami an jingine a bango, tsaf. Ga Baffa zaune a kan tabarma, hannayensa naɗe da tsumma, fuskarsa cike da fara'a.

Sama'ila ya cire takalmi ya tsuguna.

"Baffa, barka da la'asar."

"Barka kadai, Sama'ila. Kun dawo lafiya? Ya muka ji da haƙuri?"

"Da godiya, Baffa."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ya mutanen Taba?"

"Suna gaisuwa."

"Ruwa ya sauka can?"

"An ɗan samu yayyafi."

"Madalla. Ya hanya? Ya gajiya?"

Ya amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, idonsa na bisa kafaɗar Baffa.

"To ga aikinka nan na rage maka," in ji Baffa. "Ta ba ni wuya, ƙayarta kamar basilla. Amma ka ga yankan? A karkace na yi shi, ruwa ba zai kwanta ba. Kafin a ci sabuwar masara za ka ga rassa."

Sama'ila ya kalli kututturen. Ya dubi tsumman da ke hannun tsohon, jini ya ɓullo ta wurare. Ya ce, "Sannu da aiki, Baffa. Allah ya saka da alheri."

Murja ta shige gida da sauri, mayafi a baki. Har yau ba a san kuka take tarewa ba ko maganar da ta zo mata.

Sai da Baffa ya tafi sannan Sama'ila ya matsa ya duba. Da ganye kaɗai aka sare da da sauƙi, amma Baffa ba ya rabin aiki. Gatarin ya bi ta ƙarƙashin zuciyar, farin nan mai laushi da sabon ganye ke fitowa daga gare shi, ga shi can yashe a ƙasa, awaki sun ci rabi. Mailafiya ya tsallako titi a hankali, hularsa a hannu, kuma tunda aka haife shi ranar ce ya zo gaban Sama'ila ba da tsiya a bakinsa ba.

"Gadina, wallahi Makarfi na je."

"Na sani."

"Za ta tashi?"

"Ta sama dai har abada. Rabon uwa kenan an gama da shi. Saura mu ga ko jinin uban zai motsa ta ƙasa." Sannan ya ƙara da cewa, "Zai motsa."

Ya shiga gida ya ɗebo toka ya shafe yankan, ya kifa fasasshen kasko a kai don ruwan sama. Ban-ruwa ya rage, ya ce babu ganyen da zai sha, in ya cika saiwa ce za ta ruɓe. Shingen ƙaya ya sabunta, kamar akwai abin da akuya za ta ci.

Damina ta sauka. Kututturen ya yi baƙi, samansa ya fara wari, tururuwa suka yi hanya a jikinsa. Mailafiya bai daɗe cikin ladabi ba, ya dawo yana tambaya ko za a ba shi aron wurin ya ɗaure ragonsa. Wani baƙo da bai san zance ba ya rataya buhunsa a kai yana jiran mota, Sama'ila ya fito ya sauke masa. Murja ta ce ko turmi za a sassaƙa a huta. Shi kuwa wata safiya ya hau kekensa har fadamar Furana, ya bi bakin ruwa yana neman kajinjirin da masu saƙa suka sare ko wuta ta cinye wa kai. Duk wanda ya samu sai ya tsuguna ya tona gindin da yatsa. Ya dawo wandonsa duk laka, ya ce wa Murja a ɗora masa abinci, yunwa yake ji. Ta ce me ya gano? Ya ce dangin uban ba sa mutuwa da sara ɗaya.

Baffa ne abin ya fi ci. Zogalen da ya datse a mako guda da ita ya yi ganye har an fara kwaɗo, ita kuwa shiru. Tsohon ba wawa ba ne. Ya daina bi ta ƙofar gidan, masallaci ma ta bayan layi yake zagayawa. Dattijo ba ya ce wa ɗan da ya rena yi haƙuri. Abin da ya yi shi ne, wata ranar kasuwa ya dawo da dashen mangwaro mai aure a leda, ya ajiye gaban Sama'ila.

"A tone wancan a sa wannan. Ni zan tone da hannuna."

Sama'ila ya tsuguna ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya. Bai tashi ba.

"Baffa, mangwaron zan sa shi bayan gida. Kututturen nan kuwa a bar mini shi. Ba za a tone ba."

Can tsallaken titi Mailafiya ya daina buga iska.

"Ka ce ba za a tone ba?"

"Ba za a tone ba, Baffa."

Baffa ya kalle shi, ya kalli kututturen, ya sake kallonsa. "Da ka faɗa mini haka tun farko, Sama'ila, ai da ban taɓa ta ba."

Maganar nan ta shige shi fiye da sarar.

Daga ranar Baffa ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi. Kullum rana ta ɗago sai ga shi da 'yar fartanyarsa, ya buɗe shingen ƙaya, ya share ciyawar da ke gindin kututturen tas, ya mayar da shinge, ya tafi. Sama'ila hankalinsa bai kwanta da ƙarfe kusa da gindin nan ba, amma ya ga a'a guda ta ishi tsoho a shekara.

An fara gasa sabuwar masara a bakin titi, aka yi wani ruwa mai ƙarfi da ya kwashe ɓawon raken da ke gindin, ya wanke ƙasar ta gefen bango. Da safe Sama'ila ya fito da bokiti zai kwashe ruwan da ya taru a zaure, ya tarar Baffa ya riga shi, yana duƙe yana mita.

"Wannan wace irin ciyawa ce mai taurin kai, a ja ta ta ƙi fita."

Ya ɗaga fartanya. A daidai nan Sama'ila ya hango abin. Wani ɗan kore ne manne da jikin kututturen, a tsaye ƙyam, a naɗe kamar mafici da ba a buɗe ba, bakinsa tsini. Bokitin ya faɗi. Kafin fartanyar ta sauko ya riga ya cafke wuyan hannun Baffa.

A Paki ba a riƙe hannun dattijo. Su biyun suka tsaya haka, fartanya a sama, ruwan bokiti na bi ta ƙarƙashin ƙafarsu.

"Sama'ila. Hannuna ka riƙe?"

"A gafarce ni, Baffa. A duba da kyau."

"Kai bawa, sakar masa hannu mana!" Mailafiya ya ƙwalo daga rumfa. "Ko sai an kira mai unguwa?"

Sama'ila ya saki hannun, amma fartanyar ta dawo wurinsa. Baffa ya sake duƙawa, ya kai yatsa ya taɓa bakin ɗan koren, ya janye da sauri ya sa yatsan a baki. Ya san wannan tsinin, bai daɗe da warkewa daga irinsa ba. Suka tsuguna su biyu suna yaye laka da hannu, a hankali, suna zagaya kututturen. Ga wani nan. Ga wani can bayan tulun, bai gama huda ƙasa ba. Sama'ila ya zauna daɓas a cikin laka da fararen kayansa, yana ta faɗin alhamdulillahi.

Baffa ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya gyara hula.

"To," in ji shi. "Ban ce maka za ta yi rassa ba? Ta ƙasa dai ta ga dama."

"Haka ne, Baffa."

Fartanyar dai bai mayar masa ba sai da ya raka shi har ƙofar ɗakinsa.

Yau in ka bi ta Paki za ka gan ta a hannun hagu kafin rumfar faci. Tsohon kututturen ya ruɓe ya zama takin 'ya'yansa, su kuma sun tashi cunkus, kowanne ya karkata nasa gefen, sun fi kajinjiri kauri, ba su kai uwar ba. Sama'ila bai raba su ba, ya ce saiwa ɗaya suke ci. Baffa yakan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu da hantsi, duk baƙon da ya tsaya kallo sai ya gaya masa hannunsa ne. Sama'ila ba ya musawa. Kwanan baya dai tsohon ya ɗaga kai ya ƙare musu kallo, ya ce kawunan nan kamar sun yi yawa, ko a ɗan rage. Sama'ila na fitowa daga zaure kenan, ko takalmi bai cire ba.

"A'a, Baffa," in ji shi. Sannan ya tsuguna ya gaishe shi.